Yabon Gwani da Kuɗin Aiki: Muhawara Kan Karrama Kwalejojin Al'umma a Amurka

A Amurka akwai makarantu kimanin dubu da ba a cika jin sunansu a wajen ƙasar ba, ga shi kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu karatun gaba da sakandare da ba su kai ga digirin farko ba a cikinsu suke. Su ne ake kira kwalejojin al'umma. Karatunsu na shekara biyu ne, kuɗinsu da sauƙi idan aka kwatanta da na jami'a, ƙofarsu kuma a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare ko ya ci jarrabawar da ke madadinta. Wanda ya san foliteknik ko kwalejin ilimi ta ƙasarmu zai ga sun yi kama, sai dai can babu JAMB, babu makin da za a ce sai ka kai shi. A ajin dare ɗaya sai ka tarar da yarinyar da ta gama sakandare bara, da tsohon soja, da uwar 'ya'ya uku da ta taso daga wurin aiki, da direban tasi ɗan Gana ko Nijar mazaunin unguwar Bronx a birnin Niyok, wanda ya ajiye mota ya shigo da littafinsa. Mafi daɗewa a cikinsu, Joliet Junior College, an buɗe ta a jihar Illinois a 1901, kuma wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ne ya yayata sunan da ake kiransu da shi a rahotonsa na 1947.

Shiga da sauƙi, fita da takarda ita ce wahala. A ƙididdigar gwamnatin tarayyar ƙasar, cikin ɗalibai goma da suka fara karatu na cikakken lokaci, waɗanda ke karɓar shaida cikin shekara uku a kwalejin da suka fara ba su cika wuce uku ba. Sauran wasu sun koma wata makaranta, wasu suna jan ƙafa, da yawa kuma sun watse ba labari. Wannan ne ya sa kowace kwaleji take ta neman dabara, kuma wannan ne ya haifi lambobin yabo da ake ba masu sababbin dabaru. Akwai lambar Bellwether da aka fara bayarwa a 1995, wadda ke zaɓen shirye-shirye a rukuni uku: koyarwa da hidimar ɗalibai, tsari da mulki da kuɗi, sai horar da ma'aikata. Akwai ƙungiyar League for Innovation in the Community College, wadda aka kafa a 1968, ita ma tana wannan hidima. Babbar cikinsu ita ce lambar Aspen, ta dala miliyan ɗaya, wadda aka sanar da ita a taron da aka yi a fadar White House a 2010 zamanin Shugaba Obama, aka fara bayarwa a 2011, ake kuma maimaitawa duk shekara biyu.

Abin da ake taƙaddama a kai shi ne ko wannan karramawa tana kai wa ga ɗalibi, ko kuwa a ofishin shugaban makaranta take tsayawa.

Masu goyon baya suna fara hujjarsu da batun mutunci, kuma ni ban ga laifinsu ba. Yadda ake jera jami'o'i a mujallun Amurka, mai yawan korar masu nema ita ce a sama. Jami'ar Harvard ba ta ɗaukar ko biyar cikin kowane ɗari da suka nemi shiga, wannan kuma ana lissafa shi cikin abin alfahari. Makarantar da ba ta korar kowa ba ta da wurin zama a irin wannan jeri. Malamin da ya shekara ashirin yana koya wa manya lissafin da suka kasa a sakandare, ya fitar da nas-nas da masu walda da masu gyaran injin jirgi, bai taɓa jin an ambaci makarantarsa a labarai ba sai in wani abin assha ya faru. Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanintar da ke wajen waɗannan mutane ta daɗe ba a yabe ta ba. Lambar Aspen ta sauya ma'aunin: tana tambayar nawa ne suka kammala, nawa suka wuce jami'a suka samu digiri, nawa suka samu aikin da ke riƙe gida, kuma shin 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka suna kammalawa kamar kowa ko ana barinsu a baya. A 2017 wadda ta lashe ita ce Lake Area Technical Institute, a wani ƙaramin gari mai suna Watertown a jihar Dakota ta Kudu, wurin da ko Amurkawa da yawa ba su san shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Lamba hanya ce ta yaɗa abin da aka gwada ya yi aiki. Kwalejoji dubu da ke warwatse a jihohi hamsin, kowace da hukumarta, ba minista ɗaya da zai ba su umarni su bi. Idan wata ta gano wani abu, ta yaya sauran za su ji? Valencia College ta birnin Orlando a Fulorida, wadda ta fara lashe Aspen a 2011, ta lura cewa ɗaliban da ke yin rajista a makare, bayan an riga an fara darasi, su ne suka fi faɗuwa. Sai ta hana shiga aji da zarar an yi zaman farko. A ido kamar tsanani ne, tunda waɗanda ke makara yawanci su ne masu fama da neman kuɗin makaranta, amma barin mutum ya shiga aji da baya a mako na biyu ba taimako ba ne, kai shi aka yi inda zai faɗi ya bar bashi a wuyansa. Bayan ta ci lamba, tawagogi daga jihohi daban-daban suka riƙa zuwa Orlando ganin yadda ake yi. Gani ya kori ji.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Amarillo College a jihar Teksas, wadda ta raba lambar 2023 da Imperial Valley College ta Kalifoniya. Shugabanta a lokacin, Russell Lowery-Hart, ya sa aka tambayi ɗalibai abin da ke hana su kammalawa. Ana zaton za su ce darasi ya yi wuya ko malamai ba su iya ba. Abin da suka lissafa kuwa kuɗin haya ne, da abinci, da mai kula da yara, da motar zuwa makaranta, da kuɗin wuta. Sai makarantar ta buɗe cibiya a tsakiyar harabarta, ta zuba ma'aikatan jin daɗin jama'a, ta ajiye ɗakin kayan abinci da na tufafi, ta ware kuɗin gaggawa da ake biya cikin hanzari ba tare da tarin takardu ba. Idan motar ɗaliba ta lalace ranar Talata, gyaran da ya fi ƙarfinta shi ne zai sa ta rasa aji, ta rasa aiki, a ƙarshe ta rasa zangon gaba ɗaya. Makaranta ta gwammace ta biya bakanike da ta rasa ɗaliba. Suka kuma zana hoton ɗalibarsu ta yau da kullum daga alƙalumansu, suka sa mata suna Maria: mace mai ɗa, mai aikin wucin gadi fiye da ɗaya, wadda ba wanda ya taɓa zuwa kwaleji a gidansu. Duk shawarar da za a yanke sai a tambaya ko za ta yi wa Maria daidai. Daga nan ne suka mayar da yawancin darussa na mako takwas maimakon sha shida, don mai aiki da goyo ta fuskanci darasi biyu a lokaci guda maimakon huɗu ko biyar. Yawan masu kammalawa ya ƙaru ƙwarai. Wanda zai ce bai kamata a kira waɗannan mutane gaban jama'a a ce sun kyauta ba, sai ya kawo dalili mai nauyi.

Masu suka kuwa suna da dalilan, kuma ba na hassada ba ne.

Na farko, a duba su wa ke ci. Daga 2011 zuwa 2019, kwalejoji huɗu na jihar Fulorida sun lashe Aspen: Valencia, Santa Fe College a 2015, sai Indian River State College da Miami Dade College da suka raba ta 2019. Shin shugabannin Fulorida sun fi na sauran jihohi basira ne? Abin da aka sani shi ne jihar tana da tsari tun shekarun 1970 wanda ya daidaita lambobin darussa a duk makarantunta na gwamnati, ya kuma ba wanda ya gama karatun shekara biyu na share fagen digiri tabbacin gurbi a ɗaya daga jami'o'in jihar. A wasu jihohi ɗalibi kan kai takardunsa jami'a a ce masa darussa da dama da ya biya kuɗi ya ci ba a san da su ba, ya sake. Kwalejin da ke irin wannan jiha ko ta yi iya yinta, alƙalumanta ba za su kai na Fulorida ba. Ke nan wani kaso na yabon na majalisar dokokin jiha ne, aka miƙa wa shugaban makaranta. Illar ita ce sauran jihohi sai su ɗauka matsalarsu ta rashin shugaba nagari ce, su yi ta sauya shugabanni, dokar da ke buƙatar gyara tana nan yadda take.

Na biyu, neman lamba aiki ne mai cin lokaci da ma'aikata. Ana cike takardu masu yawa, a haɗa alƙaluma, a shirya jawabi, a biya kuɗin jirgi da masauki a je a gabatar. Babbar kwaleji tana da ofishi guda na masu rubuta neman tallafi. Ƙaramar kwalejin karkara, ko ta 'yan asalin ƙasar da ke yankunan ƙabilunsu, mutum ɗaya ne ke riƙe da rajista da tallafin ɗalibai da ƙididdiga. Wannan suka ta fi hawa kan lambobin da makaranta ke gabatar da kanta, irin Bellwether. Aspen ta rage kaifinta, don tana fara tace kwalejojin ƙasar da alƙaluman hukuma, ta gayyaci waɗanda suka yi fice su nema, ta zaɓi goma na ƙarshe, sannan ta tura mutane su je su kwana su ga aji da idonsu. Mu da muka saba ganin ana raba allunan yabo a ɗakunan taron otal ga wanda ya sayi tebur mun san darajar wannan bambanci, kuma ya kamata a faɗe shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sukar da ta fi damuna ita ce ta ƙananan shirye-shirye. Mafi sauƙin hanyar samun sabon abu mai kyan alƙaluma ita ce a zaɓi ɗalibai sittin ko ɗari, a ba su malamai mafi himma, a zuba musu kuɗin tallafi na shekara uku, a kwatanta su da sauran dubu goma da ba su samu komai ba. Sakamako zai yi kyau, ba makawa. Waɗanda suka kawo kansu shirin ma tun asali su ne masu ƙoƙari. A ɗauki hoto, a karɓi lamba, kuɗin tallafi ya ƙare, malamar da ta ɗauki shirin a kanta ta gaji ko ta yi ritaya, shi ke nan. Wannan ba zato ba ne. A 2004 gidauniyar Lumina ta fara wani babban yunƙuri mai suna Achieving the Dream don taimaka wa kwalejoji su yi amfani da alƙaluma wajen gyara. Da cibiyar bincike ta MDRC ta duba kwalejoji 26 na farko a rahotonta na 2011, sai ta tarar an ƙirƙiro shirye-shirye da yawa, an kuma koyi duba alƙaluma, amma yawancin shirye-shiryen ba su kai ga ko kashi 10 cikin ɗari na ɗaliban da aka yi su dominsu ba, kuma sakamakon ɗalibai a dunƙule kusan bai motsa ba. Bayan shekara huɗu, masana uku na Jami'ar Columbia, Thomas Bailey da Shanna Jaggars da Davis Jenkins, suka fitar da littafi suna cewa gyaran gefe-gefe ba zai wadatar ba, sai an sake fasalin hanyar da kowane ɗalibi ke bi tun daga ranar shiga har fita. Lambar da ke neman sabon shiri tana tura makaranta ta ƙara wani ɗaki a gefe, alhali ginin ne ke buƙatar gyara.

Akwai kuma haɗarin bin ma'auni a bar manufa. Idan yawan takardun shaida ake ƙirgawa, makaranta na iya yawaita gajerun kwasa-kwasan da ake gamawa cikin 'yan watanni, waɗanda wasunsu ba sa ƙara wa mai su ko sisi a albashi. An ga alamun haka a jihohin da suka ɗaura kasafin kwaleji a kan yawan masu kammalawa. Sannan fiye da rabin malaman waɗannan kwalejoji na wucin gadi ne, ana biyansu bisa kowane darasi, da yawansu ba su da ofis, wasu suna koyarwa a makarantu biyu ko uku a mako don su haɗa abin cefane. Duk sabuwar dabara a hannunsu take sauka, su ne kuma ba a gani a hoton karɓar lamba.

Duk wannan muhawara, a ganina, shiri ɗaya ya tattara ta. A 2007 Jami'ar Birnin Niyok, wadda kwalejojin al'umma na birnin ke ƙarƙashinta, ta fara wani shiri mai suna ASAP. Babu wani abin mamaki a cikinsa. Ɗalibi zai yi alkawarin karatu na cikakken lokaci. Makaranta za ta cike masa giɓin kuɗin makaranta da tallafin gwamnati bai rufe ba, ta ba shi littattafai, ta ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. Za a haɗa shi da mai ba da shawara wanda ke kula da ɗalibai 60 zuwa 80 kacal a lokacin da aka yi binciken, ba ɗaruruwa ba kamar yadda aka saba, kuma sai ya riƙa zuwa ganinsa a kai a kai kafin a sabunta masa katin. Mutum ne da ya san sunanka, ya san kana aikin dare, zai kira ka idan ka yi fashin aji. MDRC ta gwada shirin ta hanyar da ba ta barin shakka: ɗalibai kusan 900 da duk suka nemi shiga aka raba da ƙuri'a, rabi suka shiga, rabi suka ci gaba da karatu yadda aka saba. Bayan shekara uku, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun kammala, a ɗaya ɓangaren kashi 22. MDRC ta ce ba ta taɓa ganin tazara irin wannan ba a gwaje-gwajenta na shirye-shiryen kwalejin al'umma. Aka kai shi jihar Ohayo a kwalejoji uku, Cincinnati State da Cuyahoga da Lorain County, aka sake gwaji da ƙuri'a: 35 da 19. A 2020 Jami'ar Harvard ta ba ASAP lambarta ta ƙirƙira a aikin gwamnati.

Mai goyon bayan lambobi zai ce ga shi nan, an gano gwani an yabe shi, duniya ta ji. Gaskiya ne. Amma a ji sauran labarin. A gwajin Niyok, shirin ya ci kimanin kashi 60 cikin ɗari sama da abin da ake kashewa kan ɗalibi a al'ada. Idan aka raba kuɗin da yawan waɗanda suka kammala, kowace takardar shaida ta fi arha, tunda masu kammalawa sun kusa ninkawa. Sai dai kasafin kuɗi ba haka ake rubuta shi ba. Kuɗin bana ake nema bana. A Niyok hukumar birni ta sa hannu a aljihu, aka faɗaɗa shirin har ya kai ɗalibai kimanin 25,000 a shekara. A Ohayo kuwa, da kuɗin masu tallafi ya ƙare, kwalejoji biyu cikin ukun ba su iya ci gaba da shi ba. Shiri ne da aka tabbatar yana aiki a cikin harabarsu, da ɗalibansu, amma ya tsaya. Ba rashin sani ne ya tsayar da shi ba, ba kuma rashin yabo ba.

Wannan ne ya sa nake ganin ɓangarorin biyu kowa ya riƙe gaskiya, amma ba daidai nauyinsu yake ba. Lamba tana maganin rashin sani da rashin mutuntawa, kuma a nan ta yi rawar gani; da ba don ita ba, da labarin Amarillo bai yi nisan da ya yi ba. Abin da ya fi addabar waɗannan makarantu yau shi ne su ke karɓar ɗaliban da suka fi kowa buƙata, su ne kuma ake kashe wa mafi ƙarancin kuɗi kan kowane ɗalibi idan aka kwatanta da manyan jami'o'in gwamnati. Dala 600,000 da Valencia ta samu a 2011 daga cikin miliyan ɗayan kuɗi ne mai kyau, amma ga makarantar da ke da ɗalibai dubun-dubatai ba zai ɗauki masu ba da shawara na dindindin ba. Tsorona shi ne ɗan majalisar jiha ya ga hoton karɓar lamba ya ce, to ai ga wasu can sun yi nasara da abin da ke hannunsu, ku ma ku yi dabara. Da haka yabon ɗaya ya zama sandar dukan saura.

Ba na goyon bayan a daina. Ina goyon bayan a tsananta sharaɗi. Kada shiri ya hau mumbari sai an faɗi kaso nawa na ɗaliban makarantar ya taɓa, da wa aka kwatanta shi, nawa yake ci kan kowane ɗalibi, kuma wa zai biya bayan masu tallafi sun tafi. A bar shi ya shekara biyar tukuna. A kuma buɗe ƙofa ga makarantar da ba ta ƙirƙiro komai ba, aro ta yi ta riƙe da kyau, domin ɗalibin da ke neman takarda ba ruwansa da wanda ya fara tunanin ba shi katin mota. Da ni ke da alhakin zaɓe, da Lorain County zan fara dubawa, wato ta ukun nan a Ohayo. Shirin ba nata ba ne, daga Niyok ta ɗauko shi. Da kuɗin gwaji ya ƙare, ita ce ta nemo hanyar ci gaba da shi, har ta ƙara yawan ɗaliban da ke ciki.